Makarantar Tsakar Gida

(Jawabin da wani ɗalibi ya yi a gaban 'yan'uwansa ɗalibai a Samaru. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa, in ban da 'yan gyare-gyare kaɗan. Edita.)

 

Da aka ce in zo in yi magana a kan koyar da ƙananan yara a gida, sai da na yi ɗari-ɗari, domin ban yi aure ba balle in haifa, kuma ba fannin koyarwa nake karantawa ba. Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne wata takwas da na yi zaune a gida cikin 2022, sa'ad da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba. A gidan yayana na yi zaman, a Sabon Gari, tare da 'ya'yansa uku: babbar tana da shekara tara, na tsakiya bakwai, autan kuwa biyar. Abin da muka yi da yaran nan shi zan ba ku labari, da inda muka dace da inda muka sha kashi, ko Allah ya sa wani ya ɗauka ya fi mu kyautatawa.

Mafarin abin shi ne, wata rana da almuru na tarar da na tsakiyan yana tilawar jihohin Nijeriya 36 da manyan biranensu, tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Da ya gama na yaba masa, sa'an nan na ce, “To, kogin nan da muke ƙetarewa in za mu Tudun Wada, yaya sunansa?” Ya ce, “Baffa, ai sunansa Gada.” Na juya wajen yayarsa na ce, “Ke kuwa, wa ya gina ganuwar birni?” Ta yi shiru, can ta ce, “Gwamnati.” Muka yi dariya gaba ɗaya. Amma da na kwanta sai dariyar ta koma ciki, don na tambayi kaina inda ruwan Kubanni yake zuwa bayan ya wuce mu, na iske ni ma ɗan jami'a ban sani ba.

Ba laifin yaran ba ne. Ni da yawancinku mun yi firamare ne a zamanin da aka cire tarihi daga jerin darussa masu zaman kansu, tun daga shekarar karatu ta 2009/2010, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin mayar da shi. Ko ba wannan ma, malamin da aka danƙa wa aji cike maƙil ba shi da halin ya kwashi yara ya kai su bakin kogi ko gindin dutse. Allo da alli ne iyakarsa, yaro kuwa ya haddace ya zuba a jarrabawa ya manta. Saura aikin ya faɗo kan gida. Mu da ake kira 'yan boko a gidajenmu, in ba mu yi ba, wa muke jira?

Kada kuma wani ya ce wannan baƙon abu ne aka kwaso daga Turai. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta shirya mata da ake kira jajis suna bin ƙauyuka suna koyar da 'yan'uwansu mata a cikin gidaje, su ne 'Yan Taru. Iyayenmu ma da tatsuniya da kacici-kacici suka fara buɗe mana ƙwaƙwalwa tun ba mu san hanyar makarantar allo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mun sani tun tuni. Tsakar gida tsohuwar makaranta ce, mu ne muka rufe ta.

TARIHI

Tarihi a wurin yaro daga kakarsa yake farawa. Abu na farko da muka yi shi ne, na ba babbar littafin rubutu na kwabo kaɗan, na ce su je wurin mahaifiyarmu su tambaye ta abu uku kawai: ina aka haife ta, wa ya haife ta, me ya kawo su Zariya. Kun san tsakanin jika da kaka akwai wasa, abin da mu 'ya'yanta ba mu iya tambayarta don kunya, su sai su tambaya kai tsaye. Da farko ta kore su, ta ce, “Ku tafi ku ba ni wuri, 'yan jarida kuka zama?” Kafin mako ya zagayo ita ce take aikowa a kira su, wai ta tuna wani abu. Muka ɗauki bayan tsohuwar kalanda muka zana bishiyar zuriya, kowane suna da garinsa, har muka kai kaka na huɗu. Ni kaina a nan na fara jin sunayen biyu daga cikinsu.

Kada ku raina irin wannan aiki. Littafin nan da ake kira Baba of Karo, wanda aka buga a 1954 kuma ake karanta shi a jami'o'in duniya, ba kome ba ne illa hirar da wata Baturiya, Mary Smith, ta yi da wata tsohuwa Bahaushiya a 1949 da 1950 a nan ƙasar Zazzau, tsohuwar da ta zauna a Giwa, garin da ke gabanmu kaɗan a hanyar Funtuwa. Baba ta rasu a 1951. Da an yi jinkirin shekara biyu, da duk abin da ta sani na zamanin bauta da zuwan Turawa da zaman aure ya bi ta kabari. A kowace unguwa akwai irinta, kuma yau kowannenmu yana da waya a aljihu mai ɗaukar murya.

Wannan darasi da tsada na saye shi. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin reluwe, Bayarabe ne amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Mun je wurinsa sau ɗaya, ya gaya wa yara yadda ake zuba wa jirgi gawayi da ruwa, ya nuna musu tsohuwar fitilarsa ta ba da hannu. Ya ce, “Ɗana, ku dawo in gaya musu labarin ƙaramin jirgin Jos.” Na ce sai bayan Salla. Bayan Salla ta'aziyya muka je. Abin da yaran suka samu daga baya daga littafi na karanto musu: cewa jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, cewa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya ta kai Jos a 1914 aka rufe ta a 1957, cewa wadda ta bi ta Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929, kuma a dalilin tashar nan Sabon Gari ya kafu ya tara Yarabawa da Ibo da Nufawa da Hausawa 'yan ci-rani. Shekarun suna nan a takarda. Muryar mutumin da ya ji ƙaurin hayaƙin ita ce ba mu da ita.

Abu na biyu, akwatin tarihi. Muka sami kwali muka riƙa tara tsofaffin abubuwa: wuri guda uku daga faifan kaka, kwabo mai huda, sisi, sule, tsohon hoto, takardar haraji. Muka ja layi da gawayi a jikin bango, kowane taƙi shekara goma, yara suna aza kowane abu a gurbinsa. A nan suka ga an daina kashe fam da sule an koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973, motoci sun koma bin hannun dama a 1972, an kafa jami'ar nan tamu a 1962, an fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan Zariya a 1939. Autan bai san ƙidayar shekaru ba, amma ya gane cewa kakarsa ta girmi naira, kuma wannan ma ilmi ne babba ga ɗan shekara biyar.

Abu na uku, yawo. Gani ya kori ji. Wata Asabar muka shiga birni ta Ƙofar Doka, na nuna musu abin da ya rage na ganuwa, na ce su taɓa da hannu su gaya mini da me aka yi ta. Muka lissafa ƙofofin da muka iya: Doka, Kibo, Kona, Gayan, Kuyambana. Muka je Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, kuma har yau masana gine-gine suna nazarin bakan gizonsa. Na ba su labarin Turunku da Kufena, da Bakwa Turunku da 'ya'yanta Amina da Zariya kamar yadda aka gada a baka. Na gaya musu yadda Malam Musa ya karɓi birnin a 1808, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da ya koma Suleja bayan an ɗauki sunansa an ba sabon babban birnin tarayya. Babbar ta buɗe baki ta ce, “Ashe Abuja 'yar Zazzau ce!”

A nan zan ja kunnenmu. In yaro ya tambaya, “Baffa, da gaske ne?” a gaya masa gaskiya. Labarin Amina ya zo a Tarihin Kano da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, amma masana sun yi saɓani a kan ƙarnin da ta rayu, wasu sun ce na 15 wasu na 16. Na gaya wa yaran haka. Yaron da ya koyi tambayar “wa ya faɗa, kuma ina ya ji?” tun yana da shekara tara, ba kowace jita-jitar waya ce za ta kwashe shi ba in ya girma.

LABARIN ƘASA

Taswirarmu ta fari a ƙasa muka zana ta da tsinke. Muka fara da tsakar gida: ga zaure, ga rijiya, ga madafa, ga turken akuya. Na ce su ɗauka su shirwa ne suna kallon gidan daga sama. Wannan shi ne abu mafi wuya ga yaro, domin ya saba ganin ƙofa a tsaye, sai ya zana ta a tsaye. Da suka gane, muka faɗaɗa zuwa layinmu, sa'an nan hanyar makaranta, suna ƙirga taku suna rubutawa, kowane taku ashirin ya zama faɗin yatsa ɗaya a takarda. Ma'aunin taswira ke nan, ba tare da an ambaci sunansa ba. Kusurwoyi huɗu ba su ba mu wuya ba, don yaron da ke salla ya san alƙibla, wadda a nan Zariya gabas ce da ɗan karkatawa arewa. Na kuma gaya musu cewa Al-Idrisi, da ya zana taswirar duniya a tsibirin Sisili a 1154, kudu ya sa a sama, don su san arewa a sama al'ada ce ta masu zane.

Sai muka koma kan tambayar da ta kunyata ni. Ranar da aka yi ruwa na farko mai ƙarfi, muka sa ɓawon rake a kwatar ƙofar gida muka bi shi da ido har ya ɓace. Ina za shi? Muka bi da yatsa a taswirar da na aro: kwata ta zuba a Kubanni, kogin da jami'armu ta datse take shan ruwansa, Kubanni ya zuba a Galma, Galma ya shiga kogin Kaduna, Kaduna ya shiga Kwara a ƙasar Nufe, Kwara ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, daga nan sai teku. Na tsakiyan ya yi tsaki ya ce, “To, ledar da muke jefawa a kwata fa?” Ban ce masa kome ba. Tun daga ranar shi ne ɗan sandan shara a gidan.

Awon ruwan sama shi ya fi daɗewa a hannunmu. Gwangwanin madara ake samu mai miƙaƙƙen jiki, a yanke murfinsa duka, a kafa shi a fili nesa da indararo da bishiya. Kowace safiya a tsoma rula a duba zurfin ruwan, a rubuta, a zubar. Babbar ce mai rubutu, na tsakiya mai awo, autan mai zubarwa. Ruwan da ke sauka a Samaru a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000, yawancinsa tsakanin Mayu da Satumba, Agusta ne kuma ya fi kowane wata. Milimita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya lita ɗaya ke nan. Saboda haka rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana zubar da kimanin lita 50,000 a shekara, watau duro 250 na lita 200. Da muka yi wannan lissafi matar yayana, wadda ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa da rani, ita ta fi kowa jinjina kai.

Yara za su tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku shirya. Na gaya musu iskar damina daga teku take tasowa, kudu maso yamma, tana ɗauke da laima, ta hunturu kuwa daga arewa maso gabas, tana kwaso ƙura daga hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Babbar ta ce, “In haka ne, don me hadari yake tasowa daga gabas?” Na rasa ta cewa. Na ce mata ban sani ba amma zan tambayo, matambayi ba ya ɓata. Wani malami a Samaru ya warware mini: iskar da ke kusa da ƙasa ita ke kawo laimar daga kudu maso yamma, amma can sama inda gajimare ke taruwa wata iska ce ke busowa daga gabas, ita ke tura hadarin yamma. Da na kawo amsar, na lura darajata ba ta ragu a idonsu ba.

Kasuwa ma aji ce. In an aike ku kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, ku tafi da yaro ɗaya ku sa shi ya tambayi masu kaya, cikin ladabi, daga ina kayan suka zo. Zai ji manja da goro daga kudu, dankalin Turawa daga Jos, busasshen kifi daga wajen tafkin Cadi, citta daga kudancin Kaduna. In kun dawo ku aza kowane abu a kan taswira. Miyar gidanku kaɗai ta isa ta nuna masa cewa babu yankin da ya wadatu da kansa.

KIMIYYA

Kimiyya a wurin yaro ita ce ya duba da kyau, ya yi hasashe, ya gwada, ya faɗi abin da ya gani ko da ya saɓa wa hasashensa. Kayan aikinta suna madafa.

Ku jiƙa zoɓo ku raba shi kofi uku. Ku matsa lemon tsami a ɗaya, ku zuba ruwan kanwa a ɗaya, ku bar na uku yadda yake. Na lemon zai ƙara ja, na kanwa zai juye ya yi duhu ya koma wajen kore. Sa'an nan ku bar yara su gwada ruwan toka, da tsamiya, da omo, da nono, su raba su gida biyu: dangin tsami da dangin kanwa. Abin da ɗaliban kimiyya ke yi ke nan a ɗakin gwaji da takarda mai sauya launi. Sai dai ku nemi izinin uwargida tukuna, kada ku sha faɗan da na sha, kuma a gargaɗi yara cewa abin gwaji ba a kai shi baki.

Ku shuka wake a gwangwani huɗu: ɗaya a rana da ban ruwa, ɗaya a rana ba ruwa, ɗaya a ƙarƙashin gado da ban ruwa, ɗaya a nutse cikin ruwa. Kowa ya faɗi abin da yake zato kafin a fara. Dukanmu mun ce na ƙarƙashin gado ba zai fito ba. Ya fito, har ya fi na rana tsawo, amma fari fat, siriri, ba ƙarfi, yana miƙa wuya wajen haske. Na gaya musu aikin da ake yi ke nan a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922: a shuka, a bambanta abu ɗaya, a auna, a rubuta. Irin masara da dawa da gyaɗa da wake da sunansu ya fara da SAM, daga Samaru suka samo shi.

Ku tambaye su don me ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Ku jiƙa musu bayan hannu ɗaya ku sa su hura duka biyu. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa, in zai tashi kuwa sai ya tafi da zafi. Da wannan sani ne wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo ba lantarki, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Mu ma mun haɗa tamu da tsofaffin tukwane biyu.

Wanda na fi so shi ne na inuwa. Ku kafa sanda a miƙe a fili, yara su riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta kowace sa'a. Za su ga tana gajarta har wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi, sa'an nan ta soma tsawo ta ɗaya gefen. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa kanmu: wajen 19 ga Afrilu, da wajen 24 ga Agusta. A ranakun nan da tsakar rana sanda ba ta da inuwa. Tsakanin ranakun biyu inuwar tsakar rana kudu take nufa, sauran shekara kuwa arewa. A Afrilu mun gani da idonmu, autan ya yi ta zagaya sandar yana neman inda inuwar ta ɓuya. A Agusta muka yi shiri har da gayyatar 'ya'yan maƙwabta, gajimare ya rufe sama kwana uku, muka watse ba mu ga kome ba. Wannan ma darasi ne: mai bincike yakan jira shekara guda don abu ɗaya. Da irin wannan sanda wani masani a Iskandariyya ta Masar, Eratostinis, ya kimanta kewayen duniya fiye da shekara 2,200 da suka wuce, da ya gwada inuwar garinsa da ta Aswan a rana ɗaya. Abu ɗaya ne ba sassauci a cikinsa: kada yaro ya ɗaga kai ya kalli ƙwayar rana.

In an ɗauke wuta da dare, maimakon tsaki, ku fitar da tabarma. Ku nuna musu Kaza da 'Ya'yanta. Ku gaya musu Zara da ake gani da almuru da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniya ce 'yar'uwar tamu mai kewaya rana. Ku sa su zana siffar wata kowane dare tun daga tsayuwarsa, za su iske yana cika zagayensa cikin kwana 29 ko 30, daga nan ku nuna musu dalilin da shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, har azumi yake zagayawa daga bazara zuwa ɗari.

ABIN DA ZA A CE

Na san uzurorin da za a kawo, don an kawo mini su. Za a ce babu lokaci, yaro yana boko da safe, Islamiyya da yamma, ga aike, ga talla. Gaskiya ne. Mu ma ba mu taɓa wuce rabin sa'a a zama ɗaya ba, yawanci ma cikin aikin gida muke saka abin. Za a ce babu kuɗi. Duk abin da na lissafa, in ka cire kuɗin mota zuwa birni da littafin rubutu, ban sayi kome ba. Za a ce iyaye ba su yi boko ba. Mahaifiyarmu ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ce ta koyar da rabin tarihin, ita ce kuma ta san sunan kowace ciyawa da muka tsinko. Wani ya ce mini yawan tambaya yana sa yaro rashin kunya. Na ce tambaya da ladabi ake koyar da ita, kamar gaisuwa, kuma duban halittar Allah da tunani a kanta abu ne da addini ya yi umurni da shi. Magabatanmu a nan Zariya sun gane haka, shi ya sa littafin kimiyya da Abubakar Imam da Dokta East suka rubuta wa yara da Hausa suka sa masa suna Ikon Allah.

Da Hausa kuwa muka yi kome, ko da yake yaran da Turanci ake koya musu a makaranta. Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife daga 1970, aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarabanci, sakamakon ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Yaro ya fara gane abu da harshen da yake mafarki da shi, sunan Turancin zai same shi a aji.

Roƙo biyu gare ni game da tsaro da adalci. Kada a kai yara bakin Kubanni ko Galma da damina, kada kuma a fita da ɗan kowa sai da sanin iyayensa. Sa'an nan kada a bar 'ya mace a gindin murhu a tafi yawon ganuwa da maza. A gidanmu wadda ta fi kowa kaifin tambaya mace ce.

'Yan'uwana, hutu yana tafe, kowannenmu zai koma gidan da ke da ƙanne ko 'ya'yan yayye. Ba na roƙon kowa ya buɗe makaranta. Ku zaɓi yaro ɗaya ko biyu, da abu ɗaya cikin waɗanda na ambata, ku riƙe shi har hutun ya ƙare. In kuwa akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku ko maƙwabta, da su za ku fara, a makon farko, kada ku ce sai bayan Salla. Yayyenmu ma'aikata, ku kuna da ranar Asabar da abin hawa, ganuwa da dutsen Kufena suna nan ba a biyan ko kwabo. In mun dawo, ina fata wannan mujalla tamu za ta ba mu shafi ɗaya mu buga abin da yaran suka gano, da sunan unguwarsu.

Yarinyar nan da ta ce gwamnati ce ta gina ganuwa, har yanzu littafinta na awon ruwa yana nan, ta shiga na uku. Da zan taho ta ce in tambayo mata masana na Samaru ko nasu awon ya yi daidai da nata. In akwai ɗan sashen aikin gona ko labarin ƙasa a zauren nan, ina jiransa a bakin ƙofa bayan an tashi.

 Kurakuran da ke ciki nawa ne, malamaina su gyara mini. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya raya mana ƙannenmu.